Yadda Malamai Suka Nemi Ma'aunin Zabura

Littafin nan da Yahudawa da Kirista su ke karantawa, su ke kuma kiransa Zabura, tarin waƙoƙi ne guda 150 waɗanda aka rubuta da Ibrananci, watau harshen Bani Isra'ila na dā. An kasa shi kashi 5. Waƙoƙi 73 daga cikinsu suna ɗauke da sunan Annabi Dauda a bisa kansu, 12 da sunan wani mawaƙi Asaf, 2 da sunan Annabi Sulaimanu, 1 da sunan Annabi Musa, waɗansu kuwa ba su da sunan kowa. Ƙaramarsu ita ce ta 117, ayoyinta 2 tak. Babbarsu ita ce ta 119, ayoyinta 176. Ba kuwa Zabura kaɗai ce waƙa a cikin littattafan Ibraniyawa ba. Littafin Ayuba, da na Karin Magana, da na Makoki, da yawancin zantuttukan annabawa irin su Ishaya, duk a tsarin waƙa su ke, har masana suna ƙiyasta cewa wajen sulusin littattafan nan waƙa ne.

Ba wanda ya taɓa musun cewa rera su a ke yi tun asali, gama a kan da yawa daga cikinsu akwai 'yan kalmomi na umurni ga shugaban mawaƙa, waɗansu ma su ambaci kayan kiɗan da za a bi su da shi. Amma in aka tambayi malamai me ya mai da su waƙa, sai a yi cirko-cirko. Bahaushe ya san waƙa da karinta da ƙafiyarta. Balarabe yana da aruli, wanda Halil ɗan Ahmad na Basra ya tsara, har a ke ƙirga bahar 16. Bagirke ma yana da nasa ma'aunin na doguwar gaɓa da gajera. Zabura kuwa ba ta bin ƙafiya, kuma baitocinta ba su cika daidaita a tsawo ba. To, ina ma'auninta ya ke? An fi shekara 1,600 ana jan wannan tambaya. Ba kuwa tambayar banza ba ce, domin ɗalibin da ke koyon littafin nan gobe shi ne zai tsaya gaban jama'a ya fassara musu, in kuwa bai san yadda mawaƙi ya ɗinka maganarsa ba, zai iya ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Dalilin ɓacewar sanin nan a fili ya ke. A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka rushe Haikalin Urushalima, inda zuriyar mawaƙa ke gadon rerawa kaka da kakanni. Bayan wannan da kamar shekara 130, Ibrananci ya daina zama harshen gida da kasuwa, ya koma harshen karatu da addu'a kawai. Tun kafin nan ma Yahudawan Iskandariya ta Masar sun riga sun juya littattafansu zuwa Girkanci, saboda 'ya'yansu ba su jin harshen kakanninsu.

Wani Bayahude marubucin tarihi, Josefus, wanda ya zauna a birnin Rum, ya so ya nuna wa Girkawa da Rumawa cewa mutanensa ba baya ba ne wajen fasaha. Sai ya rubuta cewa Annabi Musa ya yi waƙarsa da ma'aunin nan mai ƙafa 6 da manyan mawaƙan Girka su ke ji da shi, Annabi Dauda kuma ya yi nasa da masu ƙafa 3 da masu ƙafa 5. Bai kawo baiti ko ɗaya ya auna don a gani ba. Duk da haka maganar ta sami karɓuwa. Jerom, malamin Kirista wanda ya zauna a Baitalami ya koyi Ibrananci a wurin malaman Yahudawa, shi ma ya maimaita irinta, alhali shi ya fi kowa a cikin Kiristan zamaninsa sanin harshen. Wajen shekara ta 392 ya fassara Zabura daga Ibrananci kai tsaye zuwa Latin, amma jama'a suka ƙi sakin wadda ya riga ya gyara daga Girkanci, don ita suka saba rerawa. Daga nan har wajen shekara 1,000, Kiristan Turai ta yamma suna rera Zabura dare da rana, masu zaman zuhudu suna sauke ta duk mako bisa ƙa'idar Benedikt, amma da wuya a sami ɗaya a cikinsu wanda ya san baƙi ɗaya na Ibrananci. A ƙasashen gabas, taron manyan limamai na Nikiya a shekara ta 787 ya yanke cewa ba za a naɗa mutum bishop ba sai ya haddace Zabura. Hadda kam an yi, amma ta fassara ce.

A wajen Yahudawa aikin ya ɗauki wata hanya dabam. Ibrananci ɗan'uwan Larabci ne, daga dama a ke rubuta shi zuwa hagu, baƙaƙensa 22, kuma a dā ba a sa masa wasali. Duk wanda ya taɓa fama da takardar ajami marar wasali ya san irin tuntuɓen da a ke yi. Saboda tsoron kada karatun ya lalace, waɗansu malamai da a ke kira mutanen Masora, mafi shahararsu a garin Tibariya bakin tafkin Galili, suka shafe ƙarnoni suna ɗiga wasula a ƙarƙashin baƙaƙe da bisansu, suna kuma sa alamomin tsayawa da na rerawa. Gidan Ben Ashir su ne suka yi fice a wannan aiki. Kundin da a ke kira na Halab an rubuta shi wajen shekara ta 930. Wani kuma an gama shi a Alƙahira wajen 1008, yana ajiye a birnin San Pitasbag na Rasha, shi ne kuwa tushen bugun da ɗalibai su ke riƙewa a makarantun ilmin addini. Abin lura shi ne, mutanen Masora sun ware littattafai 3, Zabura da Ayuba da Karin Magana, suka ba su alamomin da suka bambanta da na sauran, kuma kusan a kowace aya akwai babbar alamar tsayawa wadda ta raba ta biyu. Ashe mabuɗin yana nan a gaban idon kowa.

Da Larabci ya zama harshen ilmi daga Bagadaza har Andalus, malaman Yahudawa suka ga yadda Larabawa su ke hidimar harshensu da nahawu da sarfu da lugga, sai kishi ya kama su. Sa'adiya, mutumin Fayyum ta Masar, wanda aka ba shugabancin makarantar Sura a Iraƙi a shekara ta 928, ya fassara Zabura da Larabci, ya yi mata sharhi. Almajirinsa Dunash ɗan Labrat ya tafi Ƙurɗuba, ya fara tsara sababbin waƙoƙin Ibrananci a kan arulin Larabawa, waɗansu suka yi masa ca, suka ce yana karya harshe mai tsarki don ya shiga rigar aro. Wajen shekara ta 1000 Yahuza Hayyuj, mutumin Fas, ya tabbatar da cewa aikatau na Ibrananci a kan baƙaƙe 3 ya ke tsaye, kamar na Larabci. Bayansa Ibn Janah ya rubuta nahawu da ƙamus, duka da Larabci, yana kwatanta kalmomin da suka shige duhu da 'yan'uwansu na Larabci. Wannan aiki nasu har yau a kansa a ke gini.

Amma arulin ya ƙi hawa kan Zabura ko ta ƙaƙa. Yahuza Halewi, babban mawaƙin Andalus wanda ya rasu a 1141, ya ba da amsa mai ma'ana. Ya ce Ibraniyawan dā sun bar ma'aunin gaɓa ne da gangan, suka zaɓi abin da ya fi shi, watau isar da ma'ana ga zuciyar mai sauraro.

A nan ne wata tsohuwar gardama ta fito fili. Kowa ya lura cewa sau da yawa rabin aya na biyu ya kan yi kama da na farko. Malaman farko na Yahudawa suka ce maganar Ubangiji ba ta da kalmar da ta zo a banza, saboda haka lalle kowane rabi yana da nasa hukunci ko nasa labari dabam, su kan kuwa tono shi ko da nisa ya ke. Ibrahim Ibn Ezra da Dauda Kimhi, mutumin Narbon ta Faransa, suka ce a'a, al'adar masu fasahar harshen ce su ninka ma'ana ɗaya da kalmomi dabam-dabam. Bambancin nan ba ƙarami ba ne. In rabin farko ya ambaci wata dabba, na biyu ya sake kiranta da wani suna, mai bin hanyar farko zai ce dabbobi 2 ne, mai bin ta biyu zai ce 1 ce.

Makarantun Kirista sun daɗe kafin su farka. Taron limamai na Biyen ta Faransa a 1312 ya umurta a koyar da Ibrananci da Larabci a Faris da Oksfod da Bolonya da Salamanka, amma umurnin bai yi nisa ba. Injin buga littafi ne ya sake al'amarin. A 1477 aka buga Zabura da Ibrananci a Italiya tare da sharhin Kimhi, ita ce kuwa ta fara fita daga injin cikin dukan littattafan Ibraniyawa masu tsarki. A 1506 wani Bajamushe, Reuchlin, ya fitar da nahawun Ibrananci domin ɗaliban Kirista. Martin Luta ya karantar da Zabura a Witinbag daga 1513 zuwa 1515. Sarkin Ingila Henri na 8 ya kafa kujerar malamin Ibrananci a Kambirij a 1540, da Oksfod a 1546. Da ɗalibai suka iya harshen, sai suka koma neman ƙafafun nan da Josefus da Jerom suka yi musu alkawari. Gomarus na ƙasar Holan ya fitar da littafi a 1637 yana cewa ya same su. Francis Hare, bishop a Ingila, ya fitar da nasa a 1736, amma kafin baitocin su hau ma'auninsa sai da ya yi ta sake wasula yana taɓa kalmomi. Neman jini ne a jikin fara.

Ana nan sai a shekara ta 1741 Jami'ar Oksfod ta ba wani matashin limami, Robert Lowth, kujerar malamin waƙa. Shekarunsa ba su wuce 31 ba. Kujerar ba ta ilmin addini ba ce, an saba a ji mai ita yana magana a kan mawaƙan Girka da Rum. Shi kuwa sai ya ɗauki waƙoƙin Ibraniyawa, ya yi wajen shekara 10 yana karantar da su da Latin, darasi 34, aka buga su littafi guda a 1753. Game da ma'aunin gaɓa, ya ce mai yiwuwa akwai shi a dā, amma tun da ainihin lafazin mutanen dā ya ɓace, ba mai iya dawo da shi, a bar wahalar da kai. Ya kuma bi ma'aunin Hare daki-daki ya rushe shi. Sa'an nan a darasi na 19 ya shimfiɗa abin da ya sa a ke tunawa da shi. Ya ce ƙashin bayan waƙar Ibraniyawa shi ne jeruwar sassan baiti kafaɗa da kafaɗa, sashe na amsa wa sashe, kalma na fuskantar kalma, kamar kunya biyu a gona ɗaya.

Ya kasa jeruwar nan iri 3. Na farko, sashe na biyu ya sake faɗin ma'anar na farko da waɗansu kalmomi. Ga misali da maganar yau da kullum, ba daga littafin aka ɗebo shi ba: a ce manomi ya ce gerona ya nuna a gona, hatsina ya isa yanka a saura. Gero ya fuskanci hatsi, nuna ta fuskanci isa yanka, gona ta fuskanci saura. Na biyu, sashe na biyu ya kawo kishiyar na farko, kamar a ce mai sammako ya cika rumbu, mai barcin hantsi ya ci bashi. Irin wannan ya cika littafin Karin Magana. Na uku, sashe na biyu ya ci gaba da gini a kan na farko ba tare da maimaitawa ko kishiyantawa ba, sai dai tsarin jimlolin ya yi kama.

Ba Lowth ne ya fara ganin wannan ba, shi da kansa ma ya ambaci Azariya de Rossi, Bayahuden Mantuwa ta Italiya, wanda tun a 1573 ya ce a ƙirga ma'anoni a cikin baiti, a bar ƙirga gaɓoɓi. Abin da Lowth ya yi shi ne ya ba abin suna, ya tsara shi yadda za a iya koya wa ɗalibi a aji, ya kuma nuna amfaninsa. In aka gamu da kalmar da ba a san ma'anarta ba a sashe ɗaya, sai a dubi abokiyar zamanta a ɗaya sashen, sau da yawa ita za ta haska ta. In mai kwafe littafi ya yi ɓatan baƙi, gurguncewar jeruwar ta kan tona shi. Ya kuma nuna cewa annabawa ma da waƙa suka yi magana, abin da yawancin mutanen zamaninsa ba su lura da shi ba. A 1778, yana bishop na Landan, ya fitar da fassarar Ishaya a jere baiti-baiti don a gani da ido.

Akwai wani darasin nasa wanda bai kai wancan suna ba, amma bai gaza shi amfani ba. Ya ce mai son fahimtar waƙoƙin nan sai ya yi ƙoƙari ya ji su kamar yadda Ba'ibrane ya ji su, ya san ƙasarsu da sana'arsu. Mutumin Ingila, wanda ruwan sama ya ishe shi, ba ya gane dalilin da mawaƙi zai kwatanta alherin Allah da yayyafi, ko ya kwatanta masifa da rafin da ya bushe jiya, yau ya taso da ambaliya ya share hanya. Wanda ya taɓa zaman jiran ruwan shuka kuwa ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi. Haka masussuka, da wurin matse inabi, da makiyayi da sandarsa, duk daga rayuwar mutanen aka ɗebo su.

Littafin ya fi samun kasuwa a Jamus. Michaelis, malamin Jami'ar Gotinjin, ya sake buga shi da ƙarin bayani daga 1758, Herder kuma ya rubuta nasa a kan ruhun waƙar Ibraniyawa a 1782 da 1783. Gesenius na Halle ya fitar da nahawunsa a 1813, wanda aka yi ta gyarawa ana karantarwa fiye da shekara 100. Sai dai Jamusawa ba su haƙura da ƙirga ba. Suka bar gaɓoɓi, suka koma ƙirga wuraren da murya ke nauyi a cikin baiti. Wannan ya haifi abu mai kyau guda. A 1882 Karl Budde ya nuna cewa baitocin littafin Makoki su kan zo da nauyi 3 a sashen farko, 2 a na biyu, sai baitin ya riƙa ɗingishi kamar mai kuka wanda numfashinsa ya yanke. Amma waɗansu suka wuce gona da iri. In baiti ya ƙi hawa lissafinsu, sai su ce kuskuren masu kwafewa ne, su datse kalma ko su ƙara wata. Sharhohi da yawa na wajen shekara ta 1900 cike su ke da irin wannan aski, ɗalibi ya buɗe ya tarar malaminsa ya gyara wa mawaƙi waƙarsa. Garin neman gira an kusa rasa ido. Laifin da aka kama Hare da shi, shi ne aka sake yi da sabon suna.

Hermann Gunkel ne ya juya akalar zuwa wata tambaya. Malaman da suka gabace shi sun sha wahala wajen neman ranar da aka yi kowace waƙa da abin da ya sami mai ita. Shi kuwa ya ce a tambaya, wace irin waƙa ce, a wane irin taro a ke yin ta? Wannan ba baƙon tunani ba ne ga wanda ya san cewa waƙar noma dabam, ta daka dabam, ta fada dabam, kowace da wurinta da kalmomin da a ke gane ta da su. Gunkel ya ware waƙoƙin yabon Ubangiji, da na kukan jama'a in fari ko yaƙi ya same su, da na kukan mutum ɗaya, da na godiya, da na sarauta. Na kukan mutum ɗaya su suka fi yawa, kuma tafiyarsu kusan ɗaya ce: mai waƙa ya kira Allah, ya kai ƙarar ciwo ko maƙiya, ya roƙi agaji, ya faɗi dogararsa, ya yi alkawarin yabo. Sharhinsa ya fito a 1926. Ya rasu a 1932 bai gama littafinsa na gabatarwa ba, almajirinsa Begrich ya ƙarasa shi a 1933. Wani almajirin nasa, Mowinckel na ƙasar Nowe, ya ƙara gaba ya ce yawancin waƙoƙin domin bukukuwan Haikali aka yi su, har ya siffanta wani babban biki na kaka, amma malamai da yawa ba su bi shi har can ba.

Sa'an nan ƙasa ta yi magana. A 1928 wani manomi yana huɗa a bakin tekun Sham, arewa da Lazikiya, garmarsa ta ci karo da dutsen wani tsohon kabari. A 1929 Faransawa, shugabansu Claude Schaeffer, suka fara tono a tudun Ras Shamra, suka tarar da birnin Ugarit wanda ya rushe wajen shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki akwai alluna na yumɓu da rubutu mai baƙaƙe 30, ba a kuwa rufa shekara 2 ba aka warware karatunsa. Harshen ya zama ɗan'uwan Ibrananci na kusa, waƙoƙin ciki kuma, ko da ya ke na masu bautar gumaka ne, a kan jeruwar nan ta Lowth aka gina su. Har tagwayen kalmomin ma iri ɗaya ne: in sashen farko ya ce azurfa, na biyu ya ce zinariya, in ya ce hannu, na biyu ya ce hannun dama, in ya ce dubu, na biyu ya ce dubu goma. Aka gane cewa mawaƙan Bani Isra'ila sun gaji sana'ar da ta girme su a ƙasar, suka zuba nasu saƙon tauhidi a cikinta. Kalmomi da dama da suka gagari Kimhi da Gesenius suka sami haske. A nan ma an sami mai zarcewa. Mitchell Dahood, malami a birnin Rum, ya fitar da sharhin Zabura juzu'i 3 tsakanin 1966 da 1970, inda ya sake ma'anar ɗaruruwan kalmomi da hujjar Ugarit, amma yawancin masana ba su karɓi galibin shawarwarinsa ba.

Daga 1947 kuma aka fara samun tsofaffin naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri. Kofen Zabura da aka samu, cikakku da gutsattsari, sun haura 30. Mafi girmansu ya fito daga kogo na 11 a 1956, wani Ba'amurke James Sanders ya warware shi a 1961. An rubuta shi a ƙarni na 1, watau ya girmi kundin Halab da wajen shekara 900. Kalmomin waƙoƙin sun yi kusa ƙwarai da na mutanen Masora, abin da ya nuna masu kwafewa sun fi riƙon amana bisa ga yadda masu askin nan suka zata. Amma jerin waƙoƙin ya bambanta, akwai kuma waɗansu da ba su cikin 150 ɗin, har da wani ɗan bayani mai cewa Annabi Dauda ya yi waƙoƙi 4,050. Sanders ya ce wannan ya nuna ba a gama tsayar da ƙarshen littafin ba a lokacin. Waɗansu suka ce a'a, littafin addu'o'i ne kawai da aka tsamo daga Zabura.

Shi kansa Lowth bai tsira daga masu gyara ba. A 1981 James Kugel ya ce kashi na ukun nan buhu ne kawai da a ke jefa duk abin da ya ƙi shiga biyun farko, ya ce kuma kalmar maimaitawa ta sa ɗalibai sakaci, suna karanta rabin aya su tsallake sauran da zaton an riga an faɗa. A ganinsa sashe na biyu kullum yana ƙara wani abu, ko ya ƙarfafa, ko ya ƙayyade, ko ya kai maganar ƙarshenta. Robert Alter ya bi da nasa littafin a 1985, ya nuna cewa in aka ambaci lissafi, na sashe na biyu ne ya kan fi yawa, in aka ambaci abu a dunƙule, na biyu ne ya kan fito da shi filla-filla. Ke nan malaman farko na Yahudawa da suka ƙi yarda akwai kalmar banza suna da rabon gaskiyarsu, Kimhi ma yana da nasa.

A makarantun ilmin addini ba a fara wa ɗalibi da waƙa. Ya kan fara da baƙaƙe da wasula da tushen kalma, ya karanta labarai masu sauƙi irin na Rut da na Annabi Yunusa, sa'an nan a kai shi Zabura, inda kalmomi su ke da wuya, mawaƙi kuma ya kan zubar da ƙananan kalmomin haɗi ya bar mai karatu ya cike da kansa. A kan koya masa ya raba baiti, ya nemi abin da ya fuskanci wani, ya tambayi irin waƙar, kafin ya buɗe baki ya ce ga ma'anarta. Wanda bai sami zuwa makaranta ba ma ya amfana. Fassarar Turanci ta 1611 ba ta bambanta waƙa da zube a shafi ba, ta 1885 ta jera Zabura da Ayuba baiti-baiti, ta 1952 ta haɗa har da annabawa.

Lowth ya lura da wani abu tun a darussansa na farko, cewa da ya ke tsarin waƙar nan a cikin ma'ana ya ke zaune, ya kan bi fassara zuwa kowane harshe, ba kamar ƙafiya da aruli ba, waɗanda su kan mutu a bakin iyaka. Shi ya sa jeruwar ta ke jiyuwa a Larabcin Sa'adiya, da Latin ɗin Jerom, da Hausar Littafi Mai Tsarki wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Abin da ba ya ƙetarewa shi ne wasan baƙaƙe. Waƙa ta 119 an kasa ta sashe 22, kowane sashe ayoyi 8, kowace aya a cikin sashen ta fara da baƙi ɗaya, ana bin jerin baƙaƙen Ibrananci daga farko har ƙarshe. Masu fassara da yawa, da suka ga ba yadda za su yi da wannan, sai su rubuta sunan baƙin a bisa kowane sashe, daga Alef har zuwa Tau.